Zaman Haya a Tafin Hannu

Ina kwashe littattafai daga wani tsohon kwali da gara ta fara ci, sai wani ɗan kati ya sulluɓo daga tsakiyar ɗayansu. Katin kasuwancina ne na shekarar 2011, lokacin ina zaman shagon yayana a Kantin Kwari. A kansa akwai sunan shagon da lambar wayata, sannan can ƙasa, da rubutu mai ruwan zinare, wasu haruffa da lambobi guda takwas a gauraye: PIN ɗina na BlackBerry. Har yanzu ina tuna yadda na tsaya a kan mai buga katin, na ce lallai rubutun PIN ɗin ya fi na lambar wayar girma, domin a ganina ta nan ciniki zai riƙa shigowa har illa ma sha Allahu.

Lambar wayar tana nan daram. In ka kira ta yanzu, a aljihuna za ta yi ƙara. Shi kuwa PIN ɗin, babu wata ƙofa a faɗin duniyar nan da yake buɗewa. Mutum ɗari uku da 'yan kai da na tara a bayansa, da hirarrakinmu, da hotunan atamfa da shadda da muka yi ciniki a kansu, duk sun bi shi. Na daɗe zaune a ƙasa da katin a hannu. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina zaɓen waya, kuma na jima ƙwarai kafin in gane cewa ba ƙarfe da gilashi kaɗai nake saye ba. Ɗaki nake kamawa haya, in kwaso kayana in zuba, alhali maigidan yana wata nahiya, bai ma san da zamana ba.

Kafin 2001 maganar wacce za a saya ba ta taso ba. Tarho na NITEL ne, kuma layukan ƙasar gaba ɗaya ba su kai rabin miliyan ba. A layinmu gida ɗaya ke da shi. In an kira Baba daga Ikko, yaro ake turowa a guje, Baba ya zura takalmi ya tafi ya zauna a falon mutane yana jiran a sake kira. A watan Janairun 2001 aka yi gwanjon lasisin wayar salula, kowane lasisi dala miliyan 285, zuwa watan Agusta MTN da Econet suka fara aiki. Layi kaɗai yakan kai naira dubu ashirin, minti ɗaya naira hamsin, ko da sallama kawai ka yi ka kashe. Sai da Glo ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa sannan muka ɗan sarara. Gardamar lokacin duk ta layi ce: wanne ne yake kamawa a ƙauyenku, wanne ne sai an hau tudu. Daga nan muka koyi filashin, ka buga sau ɗaya ka katse, mai kati ya kira.

Ita wayar kanta babu wata doguwar shawara a kanta. Nokia ce, sai 'yan tsirarun Motorola da Samsung da Sagem. Akwai 3310 wadda za ta faɗi ta tarwatse gida uku, ka tattara ka harhaɗa ta ci gaba da aiki. Akwai 1100 mai toci a ka, wadda aka sayar da fiye da miliyan 250 a duniya, mu kuma a nan tocin ya fi mana komai daraja saboda halin wutarmu. Mallakar irin waɗannan wayoyi kamar mallakar rediyo ce. Ka biya, taka ce. Lambobin mutanenka suna cikin sim, in ta lalace ka zare ka sa a wata, ka ci gaba da harkarka. Ba wanda ya tambaye ka adireshin imel, ba wanda ya ce ka ƙirƙiri kalmar sirri. Inna har gobe irin wannan take riƙewa, ƙarama mai madannai, ta ɗaure ta da kyauro saboda murfin baya ya saki, caji ɗaya ya kai ta kusan mako.

Kalmar da ta fara sanar da ni cewa zamani ya juya ita ce "ba ta ɗauka." Wani abokina ya turo mini wata manhaja ta bulutut, wayata ta ƙi buɗewa, mai gyara ya duba ya ce, "Ai taka Java ce, wannan sai Symbian." Ranar na san ashe kowace waya tana da wata uwar manhaja a cikinta, wadda ita ke yanke abin da zai zauna da wanda ba zai zauna ba. Na yi tari na sayi N73, daga baya E71. Muka shiga intanet ta Opera Mini, wadda take matse shafi kafin ya iso don kada data ta ƙare, matasa kuma suka tare a 2go, wata manhajar hira daga Afirka ta Kudu, ana kwana ana dannawa. A cikin wannan tsakanin ne Apple ya fito da iPhone a 2007, wayar Android ta farko kuma, ƙirar HTC, ta fito a 2008. Labarinsu ya zo mana kamar labarin dusar ƙanƙara. Mun ji, mun yarda akwai, amma ba mu ga inda ya shafe mu ba. Waya ba madannai? Nokia kuwa a lokacin ita ce sarauniyar duniya, ko a mafarki ba wanda ya kawo faɗuwarta.

Sai ga BlackBerry. Wani kamfanin Kanada ne, Research In Motion, ya ƙera ta tun asali don manyan ma'aikata masu son imel ya riske su a duk inda suke, har shugaban Amurka Barack Obama ya ƙi rabuwa da tasa da ya hau mulki. Amma a Najeriya ba imel ne ya sayar da ita ba, BBM ne, manhajarta ta hira, inda PIN ne lambarka. Ka biya kuɗin wata, ka yi ta aika saƙo da hoto ba tare da lissafin naira nawa kowanne ya ci ba. In saƙo ya isa ka ga harafin D, in an karanta ya koma R, don haka ba wanda zai ce maka bai gani ba. In abokin hira ya yi shiru ka yi masa fingin wayarsa ta girgiza. Ga wata 'yar jar fitila a saman wayar da take ƙiftawa in saƙo ya shigo. Na sha farkawa tsakar dare in ga tana ƙifta a duhu, in miƙa hannu tun ban gama buɗe ido ba. Abin ya kai har masu fim na Kudu suka yi wani fim a kanta a 2011, mai suna BlackBerry Babes, a kan 'yan matan jami'a da ba sa kula wanda ba shi da ita.

A shago kuwa ta yi mana rana. In sabuwar dila ta iso, sai in shimfiɗa turamen a kan benci inda haske yake, in ɗauki hoto ɗaya bayan ɗaya, in watsa wa masu saye a Abuja da Ikko da Fatakwal. Kafin la'asar an zaɓe rabi. Yaya, wanda da farko ya ce wasan yara nake, shi ya riƙa cewa, "Kai, tura wa Hajiyar nan ta Abuja kafin wani ya riga mu." Ban yi kuskure ba da na so wayar nan. Abin da ban lura da shi ba shi ne, katangar da ta sa BBM ya yi daɗi ita ce za ta kashe shi. Sai mai BlackBerry ke shiga. Abokan cinikinmu na Maraɗi da Damagaram da Agadas, da 'yan kasuwar ƙauye masu saye da yawa su biya kuɗi hannu, ba su da ita, ba su kuma da niyyar sayenta.

Su ta wata hanya suka ɓullo. WhatsApp, wanda aka fara a 2009, bai nemi ka da wani PIN ba. Lambar wayarka ita ce shaidarka, kuma ya yarda ya zauna a kowane gida: iPhone, Android, BlackBerry, Symbian, har da ƙananan Nokia masu araha. A ɗaya gefen kuma wani kamfanin birnin Shenzhen na ƙasar Sin, Transsion, mai Tecno da Itel da Infinix, ya zo ya zauna ya karanci yadda muke rayuwa. Ya ga kowa yana yawo da layi biyu ko uku saboda sabis ba tabbas, ya yi waya mai sim biyu. Ya ga wuta ba ta zama, ya sa babban batir. Ya ga kyamarorin da ake da su ba sa fito da baƙar fata da kyau, ya gyara tasa. Google kuma yana bayar da Android ga duk mai ƙera waya da yake so, saɓanin Apple da ya riƙe tasa uwar manhajar shi kaɗai. Da waɗannan suka haɗu, sai ga babbar waya a hannun ɗan dako da mai shayi da matar aure a cikin gida. Zuwa 2017 Transsion ya wuce Samsung a yawan wayoyin da ake sayarwa a Afirka. BlackBerry ya buɗe BBM ga Android da iPhone a watan Oktoban 2013, amma lokacin jama'a sun riga sun watse. Jar fitilata ta rage ƙiftawa, har ta koma sai ta yini ba ta motsa ba. An rufe BBM na gama-gari a ƙarshen watan Mayun 2019, sannan a ranar 4 ga Janairun 2022 aka kashe ayyukan da tsofaffin wayoyin suka dogara da su.

Da na tashi barin BlackBerry, zuciyata gida ta koma, wato Nokia. Sai dai Nokia ɗin da na sani ba ita na tarar ba. A watan Fabrairun 2011 shugabanta na lokacin, Stephen Elop, ya sanar cewa za su ajiye Symbian su rungumi Windows Phone ta Microsoft. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Ni dai na sayi Lumia 520, kuma zan faɗa a ko'ina cewa wayar nan ta yi mini adalci. Ba ta da tsada, ba ta da nauyin aiki, fuskarta a tsare da wasu murabba'ai masu launi da suke juyawa su nuna maka saƙo ko hoton wanda ya kira. Ban taɓa riƙe wayar da ta fi ta natsuwa ba. Amma gida ne mai kyau a unguwar da ba kowa. Google bai yi mata manhajar YouTube ba. Instagram ya zo a makare. Snapchat bai zo ba sam. Duk sabon abin da aka fito da shi, za ka ga an rubuta ana samunsa a wuri biyu, nawa ba ya ciki. Microsoft ya sayi sashen wayoyin Nokia a 2014, a 2017 ya amsa cewa ba zai ƙara gina wani sabon abu a kan tsarin ba, WhatsApp ma ya janye daga kansa a ƙarshen 2019.

Na daɗe ina juya dalilin wannan a raina, domin ba rashin kyau ne ya kayar da su ba. Masu rubuta manhaja ba za su ɓata wata shida suna yi wa mutum kaɗan aiki ba, inda jama'a suke can za su. Jama'a kuma ba za su sayi wayar da babu manhajojin da suke so ba. Kowanne yana jiran ɗaya, wanda ya riga tara mutane kuma sai ƙara tarawa yake. Haka abin yake har a teburin mai gyara: wayar da ta fi yawa ita ake kawo wa gilashi da batir da bakin caji, ita yara suka iya buɗewa. In taka baƙuwa ce, sai a juya ta a ce, "Sai dai a aika Ikko." Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Ina zaton ni nake zaɓe, ashe maƙwabtana da abokan cinikina da yaran kasuwar waya sun riga sun yi mini zaɓen, saura kawai in gane.

Duk wannan da sauƙi, kuɗi ne, ana samun wasu. Akwai abin da na rasa a ɗaya daga cikin ƙaurace-ƙauracen nan wanda ba ya sayuwa. Wata rana da daddare, shekara guda kafin rasuwar Baba, muna zaune a zaure aka ɗauke wuta, sai ya shiga ba mu labarin yadda kakanmu ya taso daga ƙauye da jakuna biyu ya shigo birni fatauci. Na danna ɗaukar murya na ajiye wayar a kan tabarma kusa da ƙafarsa, bai sani ba. Minti goma sha ɗaya ne. Ana jin tarinsa, ana jin ƙarar cokali a kofin shayi, ana jin inda ya tsaya ya amsa sallamar wani mai wucewa. Bayan ya rasu nakan saurara in dare ya yi. Na yi ta ɗauke muryar nan daga waya zuwa waya, ta bulutut, ta memori, shekara da shekaru. Sai a wata ƙaura na bar ta a cikin cikin wayar, ban mayar da ita kan memori ba, ina cewa gobe. Wata safiya wayar ta tsaya a kan tambarinta ta ƙi gaba ta ƙi baya. Na kai wa wani yaro mai gyara, ya jona ta da kwamfuta ya ce, "Yallaɓai, sai an yi mata filashin, komai na ciki zai goge. Akwai abu mai muhimmanci a ciki?" Hankalina yana kan lambobin abokan ciniki, su kuma na san suna ajiye a wani wuri. Na ce masa babu. Ya tambaya, ni na amsa. Sai da na dawo gida, na yi sallar isha, na kai hannu inda na saba, sannan na tuna.

Ban gaya wa Inna ba sai bayan wata biyu. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Allah ya ji ƙansa. Ai ni ina jin muryarsa."

Yau gidaje biyu suka rage, Android da iPhone, kuma duk wanda ya ce ɗaya ba shi da wani abin kirki bai yi gaskiya ba. iPhone tana da ƙarko, ana daɗewa ana sabunta mata manhaja, in ka tashi sayarwa ba ta faɗuwa warwas, kyamararta kuma ta sa masu sayar da kaya ta Instagram da masu ɗaukar bidiyon biki ba sa son rabuwa da ita. Amma ba ta da wurin sa memori, ba ta karɓar fayil ta bulutut daga wayar da ba danginta ba, sim biyu ma sai 2018 ta fara, bakin cajinta kuma nata ne ita kaɗai har sai da dokar Tarayyar Turai ta sa ta koma irin na kowa a 2023. A garin da ake zuwa shagon masu tura fina-finai a cika memori da fassarar Indiya da wa'azi da karatun Alƙur'ani, a kuma tura wa juna ta Xender ba tare da an ƙona data ba, waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne. Android ita ce ta kowa, daga ta talaka har ta attajiri, kowane lungu akwai mai gyaranta. Sai dai masu arahar cikinta sukan cika da wuri, su fara nauyi, sabuntawa kuma ta tsaya musu tun wayar ba ta tsufa ba.

Dukansu biyun kuma haya ce, har da kuɗin wata. Apple yana ba ka gigabait 5 kyauta ka ajiye kayanka a rumbunsa, Google yana ba da 15, in ya cika sai ka biya, kuma mun ga lokacin da yawancin katunan bankinmu na naira suka daina biyan kuɗi a waje, mutum yana da kuɗin amma ba hanyar biya. In ka so tashi daga wannan gida zuwa wancan, manhajojin da ka saya ba sa bin ka. Hirarrakin WhatsApp ma sai a 2021 da 2022 aka buɗe hanyar kwashe su tsakanin gidajen biyu. Kafin nan mutane da yawa sun zauna inda suke ba don so ba, sai don tsoron barin saƙonnin shekara biyar a baya. Shi ma maigidan akwai wanda ya fi shi. A watan Mayun 2019 gwamnatin Amurka ta sa Huawei a jerin kamfanonin da aka taƙaita hulɗa da su, sababbin wayoyinsa suka fara fitowa babu manhajojin Google. Rigima tsakanin Washintan da Beijin, amma sai ga ta a kan teburin mai sayar da waya a titin Beirut na Kano, yana yi wa mai saye bayanin dalilin da ya sa wannan ba ta da Play Store.

Abin da ya fi damuna a yanzu ba wannan ba ne. A da in muna gardamar waya, a kan aiki muke yi: wacce ta fi riƙe caji, wacce ta fi kama sabis. Yanzu gardamar ta koma ta matsayi. Ana kallon bayan wayar mutum a ƙirga idanun kyamara kafin a amsa gaisuwarsa da kyau. Na ga saurayin da ya ci bashi don ya sa iPhone a lefe, na ga yarinyar da take ɓoye wayarta a jaka a wurin biki don kada ƙawaye su ga ba ita ba ce. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu ta haura dubu da ɗari biyar a farkon 2024, kuɗin sabuwar babbar iPhone ya zama kuɗin da zai ja jarin ƙaramin shago. Ga kuma ƙwacen waya da ya addabi Kano, har ana rasa rai a kan abin da, in yana da makulli, ɓarawon ma ba zai iya amfani da shi ba sai dai a farke a sayar da kayan ciki. Wannan yana ci mini rai ƙwarai. Na san daɗin riƙe abin da ake yayi, na ɗanɗana a zamanin PIN. Na kuma ga inda yayin ya ƙare.

Ba zan rufe ido ga alherin da aka samu ba. A wayoyinmu na da, in ka rubuta ƙasa sai ta fita kasa, ɗaki ya koma daki, ɓarawo ya zama barawo, in kuma wani ya turo haruffan masu lanƙwasa daga kwamfuta sai ka ga 'yan akwatuna a madadinsu. Yau allon rubutu na Gboard yana da Hausa, ƙ da ɗ da ɓ suna nan a ƙarƙashin yatsa. Google ya sa Hausa a manhajarsa ta fassara a 2013, Facebook ya buɗe da Hausa a 2016. Marubuta mata suna sakin littafi babi-babi a WhatsApp, ana kallon fina-finanmu masu dogon zango a YouTube daga Kumasi har Khartum. Gwaggona da ba ta yi boko ba tana danna alamar makirufo ta aika wa ɗanta da ke Jidda murya, ya amsa kafin ta ajiye wayar. A lokacin ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, wayar nan ce ta ciyar da gidaje da yawa. Duk wannan a kan wayoyi masu araha aka yi shi, irin waɗanda ake rainawa a wurin biki.

Makon da na tsinci katin nan, 'yar yayana ta samu gurbin karatu a jami'a, Yaya ya ba ni kuɗi ya ce in raka ta kasuwar waya ta Farm Centre. Tun a cikin adaidaita ta fara: "Baffa, ƙawayena duk iPhone gare su. Ko Landan-yus ce a saya mini." Ban ce mata a'a ba. Na tambaye ta me za ta riƙa yi da ita, ta lissafa: karatu, hotunan allo, littattafan da malamai ke turawa, kiran gida. Muka zaga. Kuɗin hannunmu zai sayi tsohuwar iPhone da aka riga aka canza wa batir, ko sabuwar Android a kwali mai babban rumbu da shaidar garanti. Na sa mai shagon ya gaya mata da bakinsa nawa ake canza gilashin kowacce in ya fashe. Ta ɗauki iPhone ɗin ta juya ta, ta daɗe tana kallon bayanta, ta ajiye. Ta sake ɗauka. Na kau da kai na bar ta, domin na san abin da take ji, kuma ba na so ta zaɓa don kunyata. Can ta ce a ba ta sabuwar.

Yaron shagon ya kunna, ya ce sai an buɗe mata asusun Google, yana shirin ƙirƙira mata da kansa kamar yadda suke yi wa kowa, su sa kalmar sirrin da mai wayar zai manta kafin ya isa gida. Na ce ya miƙo mata ta rubuta da hannunta. Muka nemi takardar da za ta ajiye adireshin da kalmar, babu. Na laluba aljihu, sai tsohon katina. Ta juya bayansa ta rubuta, sannan ta sake juyowa ta ga rubutun zinaren.

"Baffa, wannan lambar mece ce?"

Na ce labari ne mai tsawo, zan ba ta a hanya. Kafin mu fita na sayi memori guda biyu.

Da magariba muka biya gidan Inna don ta sa wa wayar albarka. Tana zaune a kan darduma, ƙaramar wayarta mai kyauro a gefen carbi. Na ce wa yarinyar ta danna ɗaukar murya, wannan karon kuma na gaya wa Inna abin da muke yi. Na ce ta ba mu labarin kakanmu da jakunansa biyu, yadda ta ji shi a wurin Baba, da na ranar da aka kawo ta gidan nan. Ta dubi wayar, ta dube ni, ta gyara lulluɓinta.

"Jakuna uku ne," in ji ta. "Ɗaya a hanya ya mutu. Matso da abin nan kusa."